Miskalin Hajiya Rakiya

Bayan gobarar da ta cinye kasuwar Treichville a shekarar 1997, sai da aka yi kwanaki kafin a bar masu shaguna su shiga neman abin da wuta ta rage musu. Ranar da aka buɗe hanya, Humaira ta nemi izini a farmasin da take aiki a Adjamé Liberté, ta raka mahaifiyarta, Hajiya Rakiya. Suka hau woro-woro, tasin nan ta haɗaka, suka haye gada.

Hajiya Rakiya mutuniyar Damagaram ce. Tana amarya aka kawo ta Abidjan, shekara talatin da suka wuce. Mahaifinta, Alhaji Tasi'u, fataucin zinariya ya yi har ya tsufa, kuma a gindinsa ta koyi awo tun tana yarinya. Da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, sai ta kama ɗan shago a kasuwa tana sayar da turare da gyale da 'yan kunne da sarƙoƙi. Ba ta taɓa shiga lakol, makarantar boko, ba, ba ta karanta ko sunanta. Kayan aikinta su ne ɗan sikeli mai kwano biyu, da duwatsun awo na tagulla da ta gada, da ƙwayoyin idon zakara, jajayen nan masu baƙin ɗigo. A wurinta ƙwaya arba'in ita ce miskali ɗaya, kuma da miskali take saye, da shi take sayarwa.

Humaira kuwa haifaffiyar Abidjan ce, Faransanci ya fi Hausa zama a bakinta. A farmasi ita ke haɗa magani, tana auna hoda har zuwa miligiram. Tana son uwarta, amma a ranta tana ganin sikelin nan kayan mutanen dā ne. Sau biyu tana cewa za ta sayo mata na lantarki, sau biyu Hajiya tana cewa ta bar kuɗinta ta sayi takalmi.

A ƙasan shagon akwai akwatin ƙarfe da aka dasa cikin siminti. Matan da ke zaune a gidajen haya, inda tsakar gida ɗaya ke haɗa ɗaki goma, ba sa yarda su bar zinariyarsu ƙarƙashin katifa. Wurin Hajiya suke kawowa ajiya. In biki ya taso mace ta zo ta ɗauka, in an watse ta maido. Babu takarda, babu sa hannu. Hajiya takan ɗora kayan a sikeli sau ɗaya, ta faɗi nauyinsu da baki a gaban mai su, shi ke nan.

Da suka isa inda shagon yake, ba su gane shi ba sai da kwanar da yake. Rufin ya faɗo, kwalaben turare sun narke sun manne da ƙasa. Wasu majiya ƙarfi biyu suka fasa simintin da guduma suka ɓalle murfin akwatin. Humaira ta leƙa. Babu sarƙa, babu awarwaro, babu zobe. Wani baƙin dunƙule ne kawai kamar ƙanzon tukunya, nan da can yana ɗan ƙyalli. Sikelin da duwatsun awon suna kan kantar shagon lokacin da wuta ta zo. Sun tona toka har azahar ba su ga ko ɗaya ba.

Hajiya ta ɗauki dunƙulen ta juya shi a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta naɗe shi a gefen zanenta ta ce, "Alhamdulillahi. Tana nan. Siffarta kawai ta tafi."

Washegari gidansu na Saint-Michel ya cika da 'yan jaje. Cikinsu akwai mata biyar masu ajiya: Tabawa mai sayar da goro, wadda ta fi su shekaru, da Ladidi, da Delu, da Zalihatu, da Madam Akissi, 'yar ƙabilar Bawule mai sayar da atamfa a shagon da ke maƙwabtaka da na Hajiya, wadda ita ma nata kayan sun ƙone ƙurmus. Kowacce ta yi jaje, amma ido yana kan ƙullin da ke gaban Hajiya. Kunya ta hana su tambaya.

Wanda bai ji kunyar ba shi ne Ja'afaru, mijin Zalihatu, ma'aikacin fiton kaya a tashar jiragen ruwa. Ya zo da taye a wuya da jaka a hammata. Ya gaisa, ya zauna a bakin kujera.

"Hajiya, avec tout mon respect," in ji shi, "mun ji an samu zinariyar, amma ta haɗe wuri ɗaya. To yaya za a yi kowa ya san nasa? Akwai rajista?"

"Babu."

"Akwai resi?"

"Babu, ɗana."

"To da me za a raba?"

Hajiya ta taɓa goshinta da yatsa. "Da abin da na auna."

Ja'afaru ya yi wani ɗan murmushi wanda ya ƙona wa Humaira rai. Ya ce shi ba ya zargin kowa, amma kai ba takarda ba ne, kuma in abin ya gagara akwai komisariya, ofishin 'yan sanda. Tabawa ta ce masa ya ji tsoron Allah, shekara goma sha biyar tana ajiya a wurin matar nan ko ƙugiyar ɗan kunne ba ta taɓa ɓata ba. Ya ce ya ji, amma a dā akwai sarƙa a gani a ido, yanzu babu.

Humaira kuwa a can cikin ranta ta san tambayar tasa tana kan hanya.

Akwai wani maƙerin zinariya ɗan Senegal a Treichville, ana ce masa Thiam, wanda wuta ba ta kai layinsu ba. Shi ke yi wa Hajiya gyara tun fil azal. Suka kai masa dunƙulen, Tabawa ta bi su don ta zama shaida. Ya fasa shi, ya tsince tsakuwa da guntayen ƙarfe, ya zuba cikin kasko da wata farar hoda, ya sakar masa wutar gas. Dattin ya taso sama, ya kwashe. Sai da ya yi haka sau uku, sannan ya zuba narkakkiyar cikin mazubi. Da ta huce ya goga ta a baƙin dutsen gwaji, ya ɗiga ruwan gwaji, ya gyaɗa kai.

"Karat ashirin da ɗaya ce," ya ce da Faransanci.

Humaira ta fassara. Hajiya ta ce, "Gaya masa na sani. 'Yar sha takwas ba ta taɓa kwana a akwatina ba."

Ya ɗora sandar a sikelinsa na lantarki. Giram ɗari uku da tara.

"To," in ji Thiam, "ni giram na sani. Hajiya ta ce miskali. Wane miskalin? Na taɓa aiki da mutumin Muritaniya, nasa daban. Na yi da mutumin Djenné, nasa daban. Ku kawo mini dutsenta in auna, in ba haka ba ban san inda zan sa almakashi ba."

Dutsen kuwa yana cikin toka.

A gida Hajiya ta jero wa Humaira ajiyar ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana rubutawa a bayan takardar magani. Ta Tabawa miskali ashirin. Ta Ladidi sha biyu. Ta Madam Akissi tara da kwata. Ta Zalihatu bakwai da kwata uku da ƙwaya ɗaya. Ta Delu biyar da rabi. Sai tata ta kanta, jarinta gaba ɗaya, abin da ya rage mata tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi ciniki ya ja baya: miskali sha shida. Duka saba'in da rabi da ƙwaya ɗaya.

Humaira ba ta tsaya ba. Bayan la'asar ta je masallacin unguwa ta jira liman ya fito, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaye shi miskali giram nawa ne. Ya ce wanda malamai ke lissafin zakka da shi giram huɗu ne da kwata, shi ya sa miskali ashirin ya zama giram tamanin da biyar. Ta yi godiya, ta buga lissafi tun tana kan hanya, ta shigo gida da saurinta.

"Mama, an samu! Malam ya ce huɗu da kwata. In na buga da shi, duka ajiyar ba ta kai giram ɗari uku ba. Kowa zai samu nasa, ke ma ki samu naki, har da ragowar giram tara a sama."

Hajiya tana tsince shinkafa a faranti. Ba ta ɗago ba.

"Ragowa?"

"Eh, Mama."

"Ke da kika yi karatu, kin taɓa jin zinariya ta shiga wuta ta fito da ƙari?"

Hajiya ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

"Akwai duwatsun ado a sarƙar Ladidi, sun fashe. Akwai abin liƙi a kowace mahaɗa, ya tafi da datti. Ragi ya kamata ki gani, ba ƙari ba. In lissafinki ya ba ni ƙari, to miskalin da kika ɗauko ya fi nawa sauƙi."

"Amma na littafi ne, Mama. Babu wanda zai ce kin yi ba daidai ba. Ja'afaru ma in ya je ya tambaya, abin da za a gaya masa ke nan. Ki duba halin da muke ciki. Shago ya tafi, turare ya tafi. Da me za ki tashi?"

Sai a nan Hajiya ta ajiye farantin.

"Miskalin Malam gaskiya ne, na zakka ne, in zan fitar da zakka da shi zan fitar. Amma ba da shi na karɓi kayan mutane ba. Da dutsen babana na karɓa. Ranar da Delu ta kawo 'yan kunnenta na ce mata biyar da rabi, nawa biyar da rabin nake nufi. In na karɓa da babban mudu na mayar da ƙarami, ko babu wanda ya sani, ni na sani."

Kunya ta kama Humaira har ta rasa inda za ta sa idonta. Can ta ce, "To ta yaya za mu san nauyin dutsen Kaka, tunda babu shi?"

Hajiya ta miƙo hannu ta kama kunnen 'yarta. "Cire waɗannan."

'Yan kunnen da ta saya mata ne shekarar da Humaira ta ci jarrabawar brevet, ba ta taɓa rabuwa da su ba.

"Miskali biyu ne cif, ni na auna su. Kai su wancan sikelin naku na magani da kike ta yabo." Ta tashi ta shiga ɗaka, ta fito da wata tsohuwar kwalbar man shafawa cike da idon zakara. Ta zube su a tabarma, ta riƙa ɗauka ɗaya ɗaya tana murzawa tsakanin yatsu, wadda ta cika girma ta ture, wadda ta motse ta ture, har ta ware arba'in. "Haɗa da waɗannan."

Da safe, kafin masu saye su fara shigowa, Humaira ta roƙi mai farmasin ya bar ta ta yi awon. Ta goge kwanon, ta rufe gilashin sikelin don kada iskar fanka ta taɓa shi. 'Yan kunnen suka ba da giram tara, saura ɗan abin da bai kai rabin ƙwaya ba, abin da shekara goma na gugar fata ya cinye. Ta zuba ƙwayoyin arba'in. Giram huɗu da rabi, da ɗan burbushi a sama. Ta sauke ta sake ɗorawa. Haka dai. Mai farmasin, wani dattijo mai tabarau, ya tsaya a bayanta yana kallo. Ya tambaye ta wa ya zaɓi ƙwayoyin.

"Ma mère," ta ce, wato mahaifiyarta. "Da hannu."

Ya ce, "Da hannu? To ki gaya mata in tana neman aiki, akwai wuri."

Humaira ta yi dariya, amma da ta zauna ta buga lissafin dariyar ta tsaya. Da huɗu da rabi, ajiyar duka ta kama giram ɗari uku da sha bakwai da 'yan kai. Abin da ke hannun Thiam ɗari uku da tara ne. Wuta ta ci giram takwas da wani abu, kusan miskali biyu. Ragi ne, kamar yadda tsohuwar ta faɗa tun ba ta ga lamba ko ɗaya ba.

Aka sa ranar Asabar da hantsi. Shagon Thiam ƙarami ne, mata shida da Humaira suka cika shi, Ja'afaru ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa. Masu shagunan layin suka taru ta taga, domin labari ya riga ya zaga cewa yau wata tsohuwar Bahaushiya za ta raba zinariya da ka.

Humaira ta tashi ta yi bayani, da Hausa sannan da Faransanci saboda Madam Akissi da Thiam. Ta ce miskalin mahaifiyarta giram huɗu ne da rabi, ta faɗi yadda aka gano. Ta ce na littafi huɗu da kwata ne, amma Hajiya ta ƙi shi domin zai rage wa kowa. Ladidi da Delu suka kalli juna.

Hajiya ta fara da Tabawa. Ba nauyi kawai ta faɗa ba. Ta ce awarwaro huɗu masu zanen igiya, ɗaya yana da lotsawa inda ƙofar gbaka, ƙaramar bas ta haya, ta taɓa matse shi, da sarƙa mai faifai, duka miskali ashirin. Tabawa ta ce, "Wallahi haka ne, har lotsawar." Hajiya ta juya kan Ladidi, ta juya kan Madam Akissi, tana siffanta wa kowacce kayanta kamar suna shimfiɗe a gabanta. Madam Akissi da ta ji an ambaci zoben mahaifiyarta mai kan kunkuru sai ta rufe fuska da gyale.

Da aka zo kan Zalihatu, Ja'afaru ya ɗaga hannu.

"Un instant. Hajiya, awarwaron matata guda biyu, nawa kika ce?"

"Bakwai da kwata uku da ƙwaya ɗaya."

"Kin tabbata? Shekara huɗu ke nan."

"Ranar Talata ta kawo su, tana goye da ɗanku na biyu. Ɗayan ya fi ɗayan da ƙwaya uku."

Ya buɗe jakarsa ya zaro wata 'yar takarda da ta sha ninki. Ya ce wansa ne ya sayo awarwaron a Dubai, ga resin kantin, ya same shi cikin takardun aure. Bai nuna wa kowa ba sai yau, ko matarsa ba ta san yana nan ba. Ya miƙa wa Thiam, ba Humaira ba.

Thiam ya ɗaga takardar wajen haske. "An rubuta tola uku."

"Uku!" in ji Delu. "Ita kuma Hajiya ta ce bakwai?"

Surutu ya tashi ta taga. Zalihatu ta sunkuyar da kai kamar ta nutse. Humaira ta kalli uwarta, ta ga ko gezau ba ta yi ba, tana gyara bakin mayafinta.

Thiam ya buga kantarsa da 'yar guduma aka yi shiru. Ya ce tola awon mutanen Indiya ne da 'yan kasuwar Dubai, ba miskali ba ne, kuma kowane maƙeri ya san tola ɗaya giram sha ɗaya ne da ɗigo sittin da shida. Ya jawo kalkuleta ya danna. "Tola uku, giram talatin da huɗu, ɗigo casa'in da takwas." Ya tura wa Humaira kalkuletar. "Madmazel, buga na Hajiya."

Ta fara bugawa. Bakwai sau huɗu da rabi. Ta ƙara kwata uku. Ta ƙara nauyin ƙwaya ɗaya. Ta dubi lambar, sai ta juya fuskar kalkuletar ga Ja'afaru.

Ya karanta da kansa, a hankali. "Trente-quatre virgule quatre-vingt-dix-neuf."

Talatin da huɗu da ɗigo casa'in da tara. Tsakanin kan tsohuwar da takardar Dubai, bambancin bai kai nauyin ƙwayar gero biyu ba.

Tabawa ce ta fara rangaɗa guɗa, a cikin shagon mutane, da tsufanta. Wani ta taga ya ce da Julanci a sake faɗa masa, aka sake faɗa masa, ya dafe kai. Thiam ya cire tabaransa ya ce shekara ashirin da biyar yana wannan aiki, ya ga masu sikelin lantarki suna kuskuren da ya fi wannan. Humaira ta so ta ce wa duk wanda ke tagar nan, wannan uwata ce, amma ta ga ai kowa ya sani.

Ja'afaru ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya durƙusa a gaban Hajiya da tayensa da komai, a kan simintin da ya sha gawayi.

"Hajiya, ki yafe mini. Na zo ne in kama ki."

"Tashi, ɗana, za ka ɓata wando. Dukiyar iyalinka ka bi, ba laifi ba ne. Da ma kowa ya adana takarda kamarka, da ban sha wannan ciwon kan ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, yana share ido.

Saura maganar ragin. Humaira ta faɗa musu gaskiya cewa wuta ta ci giram takwas da 'yan kai. Madam Akissi ta ce a raba asarar a kan kowa gwargwadon kayansa, haka ake yi, wuta ba Hajiya ta kunna ba. Ladidi ta goyi bayanta. Ja'afaru ma ya ce haka ne daidai, har ya fara buga kason kowa.

Hajiya ta ce a'a.

"Ku kun ba ni ajiya ne don ku kwana da kwanciyar rai. Thiam, yanka wa kowacce nata cikakke. Abin da ya rage a kan kantar shi ne nawa."

"Rakiya," in ji Tabawa, ita kaɗai ke kiranta da suna, "shari'a ma ba ta ɗora miki wannan ba."

"Na sani, Yaya. Ba shari'a ce ta ɗora mini ba, ni na ɗauka."

Thiam ya murza sandar a injinsa ta zama falle mai tsawo, ya riƙa yanka yana ɗorawa a sikeli, yana ƙara ɗan ɓarɓashi ko ya rage, Humaira tana kiran lamba. Giram casa'in na Tabawa. Hamsin da huɗu na Ladidi. Haka har aka sallami mata biyar, kowacce ta ƙulle nata a bakin zane. Abin da ya rage wa Hajiya giram sittin da uku ne da 'yan kai, maimakon saba'in da biyu. Kafin Thiam ya ɗora shi a sikeli ta ɗauka ta jinjina a tafin hannu ta ce, "Sha huɗu, da ɗan abin da bai kai kwata ba." Ya ɗora, ya buga, ya girgiza kai kawai yana dariya.

A hanyar komawa, cikin woro-woro, suna tsakiyar gada iskar lagun, tafkin da ya ratsa birnin, tana shigowa ta taga, Humaira ta ce, "Mama, ki koya mini."

"Me?"

"Awon. Da hannu."

Hajiya ta dube ta a kaikaice. "Hannun da ya saba da maɓalli? Sai kin yi shekara kina tsintar ƙwaya kafin in bar ki ki taɓa zobe."

"Na yarda."

"To ke ma ki koya mini lambobin nan naku. Ba na son in sake tsayawa a gaban mutane wani yana karanta mini abin da sikeli ya ce."

Wata biyu bayan haka Hajiya ta kafa tebur ƙarƙashin laima a inda aka ba 'yan kasuwar wuri na wucin gadi. Da giram sittin da ukun nan Thiam ya ƙera mata ƙananan 'yan kunne na jarirai da zobba marasa nauyi, irin waɗanda ke saurin fita. Ya kuma yanko tagulla ya goge mata sababbin duwatsu huɗu, na miskali ɗaya da na rabi da na kwata da na biyar, ya ƙi karɓar ko dala. Humaira ta rubuta a kwali da manyan baƙaƙe, ta liƙa a gaban teburin: miskali ɗaya na wannan tebur, giram huɗu da rabi, tola ɗaya, giram sha ɗaya da ɗigo sittin da shida.

Ciniki bai dawo da wuri ba, shekarar ta yi musu tsauri, har sai da suka saki ɗaki ɗaya cikin biyun da suke haya. Amma wani abu ya faru da ba su zata ba. Mata suka fara zuwa daga Koumassi da Abobo da Port-Bouët, ba don saye ba, sai don a auna musu. Mai shirin rabon gado, mai aurar da 'ya, wadda aka kawo wa tsaraba daga Makka tana son ta san gaskiyar abin da aka ba ta. Wasu ko Hausa ba sa ji, sai su ce a kai su wurin la vieille du miskal, wato tsohuwar miskali. Cikin masu zuwa awo, wata takan ga ɗan kunne ya burge ta ta saya.

Ran Asabar Humaira takan zauna a gefen teburin da farantin idon zakara a cinya, tana murzawa tana warewa. Takan tara arba'in ta miƙa, Hajiya ta watsa su a tafin hannu, ta tsame uku ko huɗu ta jefar mata da su cikin faranti. A wata na bakwai ne ta miƙa, tsohuwar ta jujjuya su, ta sake jujjuyawa, ta tsame guda ɗaya tak. Ta riƙe ta a yatsu tana dubawa, sannan ta mayar da ita cikin sauran.

"Je ki sayo mana aceke, dambun rogon nan," ta ce. "Da kifi babba."